Tsohuwar Amfilifayar Dzarma

Shekara ashirin da shida Malam Dzarma ya yi yana aikin sauti a gidan rediyo a Maiduguri. Shi ke zama bayan gilashi da abin saurare a kunne, yana ɗaga wannan murya yana sassauta waccan, har mai karanta labarai ya gama. Ciwon ido ne ya sa ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Ganin ya riƙa tsukewa daga gefe sannu a hankali, zuwa 1995 ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Da farko makantar ba ta hana shi taɓa waya ba. Maƙwabta a Ajilari suna kawo masa rediyo da fanka, ya lalube su ya gyara. Sai wata rana yana gyaran dutsen guga ya manta bai zare fulogi ba, wuta ta fizge shi, tafin hannunsa ya ƙone. Babban ɗansa Wilson, wanda ke aikin akawu a wata ma'aikata yana zaune da iyalinsa a unguwar Fezzan, shi ya kai shi asibiti. Da suka dawo, Wilson ya sa kwaɗo a akwatin kayan aikin, ya jefa makullin a aljihu, ya gaya wa maƙwabta kada wanda ya sake kawo wa tsohon gyara. Shekara biyu ke nan Dzarma ba shi da aiki sai zama gindin darbejiya a tsakar gida, yana jin ƙarar keken ɗinkin matarsa Phoebe.

A bazarar 1998, wata ranar Litinin da yamma, Wilson ya shigo da kwali a hamata.

"Baba, na kawo muku sabuwar na'ura. Ta faifan bidiyo ce, an daina yayin kaset."

Ya haɗa ta da talabijin a falo, ya sa wani fim na yaƙi. Phoebe ta yaba hoton, ta ce har gumin fuskar mutane ana gani. Dzarma ya zauna da kai a karkace yana saurare. Shi fim a wurinsa sauti ne kawai, kuma abin da ke fitowa daga 'yar sifikar talabijin ɗin bai fi ƙarar gwangwani ba. Igwa ta tashi kamar an buga murfin tukunya.

"Wilson, wannan faifan yana da abin da ya fi haka," in ji shi. "Talabijin ce ke shaƙe shi. Haɗa shi da amfilifaya."

Amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tana ajiye a falon tun 1979, mai fuskar azurfa da jikin katako, tana da rediyo a cikinta, nauyinta ya kai na yaron goye. Manyan sifikokinta biyu an tura su kusurwa ɗaya, Phoebe ta shimfiɗa musu ƙyalle ta ɗora hotunan jikoki. Tun da garmahon gidan ya lalace babu wanda ya kunna ta.

Wilson ya ce bai san bayanta ba, amma gobe zai zo da wanda ya sayar masa da na'urar.

Washegari ya zo da Babakura, mai shagon kayan lantarki a Gamboru, dogon mutum mai ƙamshin turare da saurin magana.

"Wushe, Baba. An wuni lafiya?"

"Wushe, wushe. Ka duba ta a hankali, tsohuwa ce amma ba ta mutu ba."

Babakura ya juya amfilifayar, ya hura ƙura, ya cusa wayoyi biyu a ramukan farko da hannunsa ya samu, ya kunna. Ƙarar da ta fashe a falon sai da ta sa Phoebe ta toshe kunnuwa. Muryoyin 'yan fim suka zama kururuwa mai tsage-tsage, sifikokin suna kakari kamar za su yage. Babakura ya yi maza ya kashe.

"Ka ji ko? Ta gama aiki. Waɗannan tsofaffin ba sa ɗaukar sautin faifai. Akwai sabon saiti a shago, sifika biyar, biyu gaba, biyu baya, ɗaya tsakiya. Kana zaune jirgi zai bi ta kanka."

"Ramin garmaho ka sa," in ji Dzarma.

"Na'am, Baba?"

"Ramin da ka cusa wayar na garmaho ne. Allurar garmaho muryarta ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ramin ke ninka ta. Faifan nan kuwa da ƙarfinsa ya zo. Matsa dama, akwai wasu ramuka biyu."

Babakura ya matsa dama. Wannan karon sifika ɗaya ta yi magana, ɗayar shiru, ga wani gunji a ƙasa kamar na injin niƙa daga nesa. Ya yi 'yar dariya, ya zare wayoyin.

"Baba ya san aiki a zamaninsa," ya ce da Wilson, da murya ƙasa-ƙasa, kamar makaho ba ya ji. "Amma ka gani da kanka. Ranar Asabar zan kawo sabon, in ɗauke wannan. Ko tagullar cikinta za ta yi amfani."

"To shi ke nan, Asabar," in ji Wilson.

"Wa ya ce shi ke nan?" Dzarma ya miƙe tsaye. "Dalma ce ta saki a ƙafar rami ɗaya. Aikin minti goma ne. Ba ni makullin akwatina."

"Baba, mun gama wannan maganar tun shekara biyu."

"Kai ka gama ta. Ni ba a tambaye ni ba."

"Ba zan sake ɗaukar ka zuwa asibiti da hannu a ƙone ba. Sabon saiti zan saya maka, me ya fi wannan?"

Ya raka Babakura waje. Dzarma ya ji tashin babur ɗinsu, yana nan tsaye a tsakiyar falo.

Ranar Laraba da safe Phoebe tana wanke-wanke ta ji duka daga ɗakin ajiya. Ta tarar da mijinta a durƙushe, ya riƙe kwaɗon akwatin da hannun hagu, yana dukan sa da dutsen niƙan yaji.

"Baban Wilson! Me kake yi?"

"Abin da kika gani."

"Za ka fasa yatsanka."

"Yatsana ne."

A bugu na shida kwaɗon ya buɗe. Ya ɗaga murfin, warin man inji da tsohuwar dalma ya taso. Ya bi kayan da yatsu ɗaya bayan ɗaya, sukudireba, filaya, ƙarfen narka dalma, duk suna inda ya bar su.

"Zan aika a kira Wilson," in ji Phoebe.

"Aika. Kafin ya nemi izini a ofis ya iso na buɗe ta. Maman Wilson, abu biyu ne. Ko ki tsaya ki zama idona, ko ki koma wanke-wankenki in yi ni kaɗai. Amma yi zan yi."

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa da kumfar sabulu a hannu. Shekara talatin da huɗu suna tare, ta san wannan muryar. Ta kuma san yadda ya koma a shekara biyun nan, mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu sai an tuna masa ya ci abinci. Ta goge hannu a zani.

"Da sharaɗi ɗaya. Ni zan riƙe fulogi. Ba ya shiga bango sai na ga hannayenka biyu a kan cinyarka."

"Na yarda."

Suka ɗora amfilifayar a kan teburin yankan ɗinkinta, kusa da taga. Ya kwance ƙusoshin da kansa, yana jera su a cikin faranti. Ya nuna mata wasu gwangwanaye biyu masu kauri a ciki, ya ce kada ta kusance su, suna riƙe wuta ko an kashe. Ta karanta masa rubutun bayan, harafi bayan harafi, har suka kai ramukan da aka rubuta AUX. Ya zura yatsa ta ciki, ya taɓa ƙafar ramin ƙasa, ta motsa.

"Ga ta nan. Kin ga tsaga a jikin dalmar?"

Ta gyara tabarau. "Kamar gashi. Da ƙyar ake gani."

Ta sa ƙarfen dalma a wuta bayan ya ɗora hannaye a cinya. Da ya yi zafi, Dzarma ya ce ta miƙa masa. Ya riƙe shi daidai, kamar jiya ya ajiye, ya kai shi inda yatsansa na hagu ke jira. Bakin ƙarfen ya kauce da ɗan kaɗan ya sauka a kan yatsan. Bai yi ƙara ba, ya ja iska ta haƙori. Phoebe ta karɓe ƙarfen ta tsoma masa yatsan a kofin ruwa.

Ya zauna da yatsa a ruwa. Tana jiran ya ce a rufe, ko ya ce a ba shi ya sake. Da ya buɗe baki, wani abu dabam ya faɗa.

"Wannan ɓangaren ya fi ƙarfina yanzu. Ke kina zura zare a allurar keke ba tare da kin tsaya ba. Riƙe shi kamar alƙalami."

"Ni? Ban taɓa ba."

"Ɗora bakin a kan ƙafar, ki ƙirga uku, sannan ki kawo dalmar. Ba a kan ƙarfen ba, a kan ƙafar. In ta narke ta kwanta, ki janye."

Na farko ya dunƙule kamar malmalar tuwo. Ya shafa bayan ya huce, ya ce a sake. Na biyu ma haka. Na uku ya kwanta sumul yana ƙyalli, ya shafa ya ja ƙafar, ba ta motsa ba.

"Da a gidan rediyo ne da na ɗauke ki aiki," ya ce.

"Da ban karɓa ba. Warin nan kaɗai ya ishe ni."

Sauran ranar ta tafi a wanke maɓallin ƙara sauti da ke kakari in an murɗa shi, da kankare tsatsar ramuka. Gunjin nan kuwa daga wayar da Babakura ya bari ne, siririya ce marar rufi. Dzarma ya lalubo tsohuwar wayarsa mai kauri a ƙasan akwati, gunjin ya ɗauke.

Ranar Alhamis suka koma kan sifikoki. Ya sa Phoebe ta kwashe hotunan jikoki, suka ja su daga kusurwa, ɗaya dama da talabijin ɗaya hagu, ya auna nisan da taku, ya karkato fuskokinsu zuwa doguwar kujera. Da aka kunna, ya saurara ya girgiza kai. Muryar mai magana ba ta tsaya a tsakiya ba, tana yawo, ƙasan sautin kuma ya zube. Ya nemi batirin tocila, ya ɗora tafin hannu a kan takardar sifikar, ya sa Phoebe ta taɓa wayoyin a batirin. Ta dama ta tura hannunsa waje. Ta hagu ta ja ciki.

"Shi ne. Ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye juna. Juya wayoyin ta hagu."

Suna cikin haka Wilson ya shigo, ya biyo daga ofis. Ya ga akwatin a buɗe, ya ga fasasshen kwaɗo a kan tebur, ya ga tsumman da aka ɗaure yatsan mahaifinsa da shi.

"Mama, har da ke?"

"Har da ni," in ji Phoebe.

"Dubi hannunsa! Abin da na ce ke nan. Sai ya kashe kansa za ku huta?" Ya nufi akwatin zai rufe.

Dzarma ya riga shi, ya ɗora hannu a kan murfin.

"Wilson, akwatin nan na saye shi kafin a haife ka. Daga cikinsa aka biya maka makaranta. Ka taɓa shi sau ɗaya na yi shiru, saboda a ranar ni ma na tsorata. Ba za ka taɓa shi sau biyu ba."

"Don lafiyarka nake yi."

"Na sani. Ka tsare min hannu, na gode. Amma shekara biyu ina zaune gindin bishiya kamar buhun gero, ka taɓa tambaya ta yaya na wuni? Ido na rasa. Kaina yana nan, kunnena yana nan, gidan nan kuma har yanzu nawa ne."

"In wuta ta sake kama ka fa?"

"Sai ka kai ni asibiti, ko ka bari uwarka ta kai ni. Ƙuna tana warkewa."

Wilson ya dubi mahaifiyarsa. Ta ɗaga masa fulogin da ke hannunta. Ya ɗauki jakarsa.

"Ranar Asabar Babakura zai zo, na riga na yi magana da shi."

"Ya zo. Akwai kujera."

Da ya fita, Phoebe ta zauna a bakin kujera, idanunta sun ciko. Dzarma ya ji numfashinta ya canza.

"Zai huce," ya ce. "Tashi, akwai sauran aiki. Mutumin nan ya ce jirgi zai bi ta kaina. Ni ma ina so ya bi ta nasa."

Ranar Juma'a ya sa ta ciro ƙananan sifikoki biyu daga wata matacciyar rediyo mai kaset da ke ƙarƙashin gado. Suka rataye su a bango bayan doguwar kujera, sama da kai. Haɗin ya ba Phoebe mamaki, don bai taɓa baƙaƙen ƙusoshin ɗaura wayar sifika na bayan amfilifayar ba sam. Waya ɗaya ya ɗauko daga jar ƙusa ta hagu, ta bi ta sifikar farko, ta wuce ta biyu, ta dawo jar ƙusa ta dama.

"Ba za ta ƙone ba?"

"Ba wannan ba, na san cikinta. Wani Bature injiniya ya nuna mana a wurin aiki tun ina sabon ma'aikaci. Duk abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai, kamar maganar mutum, ba zai zo baya ba. Abin da suka bambanta a kai, ruwan sama, iska, hayaniyar jama'a, shi zai zo."

Suka sa faifai. Gaba ya yi kyau, baya shiru. Phoebe ta kai kunne jikin sifikar, ko motsi babu. Ta ce ko an yi kuskure. Ya sa ta bi wayar daga farko zuwa ƙarshe, komai daidai. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya ɗan zauna, sannan ya tambaye ta faifai nawa Wilson ya kawo. Ta ce huɗu. Na biyu ma shiru. Da aka sa na uku, fim ɗin yaƙin nan, sai ƙarar ƙwari da kukan tsuntsayen daji suka zubo daga bayansu. Phoebe ta waiwaya ba ta sani ba.

"Waɗancan biyun an kwafe su da sauti guda ne, hagu da dama iri ɗaya," ya ce. "Ba laifin wayarmu ba ne."

Ranar Asabar da hantsi Babakura ya iso da kwalaye a bayan a-kori-kura, Wilson na biye a babur. Dzarma yana zaune a falo cikin farar riga.

"Kada ku sauke komai tukuna. Ku zauna nan, tsakiyar kujera. Minti biyar kawai."

"Baba, ina da shago a buɗe," in ji Babakura.

"Ka ce ta gama aiki a gaban iyalina. Za ka zauna ka ji."

Suka zauna. Phoebe ta danna. A fim ɗin sojoji ne ke tafiya cikin daji, hadari na haɗuwa. Maganarsu ta fito daga tsakiyar talabijin tsaf, duk da babu sifika a wurin. Aradu ta faɗi, gilashin kabad ya yi rawa. Sannan ruwa ya sauko, ta gaba, ta gefe, ta bayan ƙeya. Babakura ya dubi taga, rana ce fal a waje. Da jirgi mai saukar ungulu ya taso, ya sunkuyar da kai har hularsa ta zame.

Phoebe ta tsayar da faifan. Babakura ya tashi ya leƙa bayan amfilifayar, ya bi siririyar wayar da ido har bango, ya dawo ya sake bi.

"Ina akwatin da ke raba sautin?"

"Babu."

"Wallahi Baba, ban taɓa ganin wannan ba. Nawa na shago ya fi shi raba baya da gaba, gaskiya ce. Amma wannan nauyin na ƙasa, nawa ba shi da shi." Ya gyara hula. "Na yi maganar da ba ta dace ba ran nan. Ka yafe ni."

"Ya wuce. Ka dai riƙa karanta ramin kafin ka cusa waya."

Babakura ya yi dariya. Ya ce akwai irin wannan guda uku a bayan shagonsa, mutane sun bar masa da suka sayi sabo, yana shirin fasa su. Ko Baba zai duba?

"A'a," in ji Wilson. Ita ce kalmarsa ta farko tun da ya shigo. "Ba za a mai da gidan nan shagon gyara ba."

"Ba kai aka tambaya ba," in ji Dzarma, bai ɗaga murya ba. "Babakura, kawo su ranar Litinin. Amma ba ni kaɗai ba ne, dalma aikin Maman Wilson ne. Sai ka tambaye ta."

Babakura ya juya wurinta. Phoebe ta dubi ɗanta, wanda ya kafe ta da ido, sannan ta dubi ɗinkunan da suka taru a kan keke tun Laraba.

"Da safe ina da ɗinki," ta ce. "Bayan azahar ne kawai. Kuma ɗaya-ɗaya za ka riƙa kawowa, falona ba sito ba ne."

Wilson ya tashi ya fita ba sallama. Suka ji yana ce wa direban a-kori-kura ya juya da kayan. Bai zo cin abincin Lahadi ba kamar yadda ya saba, sai matarsa da yara suka zo, yaran suka yi ta gudu tsakanin kujera da bango suna neman inda ruwan saman ke fitowa. Phoebe ta so ta aika masa, Dzarma ya ce a bar shi, ya san hanyar gida.

Ranar Litinin da ƙarfe biyu Babakura ya kawo ta farko a bayan babur, ɗaure da roba. Baƙa ce, ta fi ta Dzarma nauyi, wani ya taɓa zuba mata shayi a ciki. Dzarma ya sunsuna ta, ya ce tiransifomar ba ta ƙone ba, akwai rai. Phoebe ta ture ƙyallayen ɗinki gefe, ta naɗe wayar fulogin a hannunta, ta ce masa ƙusoshin bayan guda takwas ne, biyu sun yi tsatsa.